Ƙashin Hannu

Shekara arba'in ina fawa a kasuwar Dole.
Na san inda gaɓa take kwana,
na san inda jijiya take ɓuya.
Sai ga Barira, autata, daga lakwal
da mataccen jemage naɗe a takarda.
Ta ce, Baba, buɗe mini fiffiken nan.

Na buɗe.
Ƙashi guda a dantse,
biyu a gabansa,
ƙanana kamar tsakuwa,
sai yatsu biyar, huɗu sun miƙe siri-siri
suna ɗauke da fata kamar rumfa.
Na dubi ƙafar akuyar da na rataye da safe:
guda, biyu da suka manne, tsakuwa, sai kofato.
Na dubi hannun da ke riƙe da wuƙar.
Na ajiye wuƙar.

Ta ce, tsatso ɗaya ne, rabon gado ya bambanta.
'Ya'yan ciki ɗaya ba sa fitowa daidai.
Wanda halinsa ya dace da wurin, shi ke barin baya,
bayansa kuma su gaji halin.

Na tuna uwata Yagana a gonar Mirriya,
tana zagaya hatsi kafin girbi.
Zangarniyar da ta cika ta ɗaure don iri,
shibra mai zubar da ƙwaya ta tsallake ta.
Shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri,
fari ya yi nasa zaɓen ba da hannu ba:
mai saurin nuna kaɗai ya kai rumbu,
shi muka shuka baɗi.

Nibakin fa? in ji Barira.
Da, ƙwaya kaɗan, zazzaɓi ya kama hanya.
Yau ko ka sha, yana zaune daram.
Ƙwayoyin cutar da maganin ya kasa kashewa
su suka hayayyafa,
jikokinsu sauro ke rabawa a unguwa.

Lawali direba ya taɓa ba mu labari,
can bayan Agadas, inda ko ƙaya ba ta tsira,
ya ga ƙashin kada ya zama dutse.
Muka yi masa dariya, muka ce rana ce ta buge shi.
Gobe zan kai masa tsire, in ba shi haƙuri.

Na ce, to ni me ya sa ban taɓa ganin
wata dabba ta sāke ba?
Ta nuna duwatsun Birni
masu santsi kamar bayan ƙwarya.
Wa ya ga ranar da suka mulmule?
Kakan kakanka haka ya same su,
amma kowace damina tana ɗibar ɗan abinta.

Magariba ta yi. Na zauna alwala,
ruwa na bin yatsuna ɗaya bayan ɗaya.
Hikimar Mai halitta ta fi faɗin abin da na zata.
Sama, jemagu sun fito kiwo,
dubu kan dubu,
kowanne yana tafiya da tafin hannunsa a buɗe.