Baka Mai Kunama

Shekara shida ke nan
kafaɗar Baba Jatau ta daina jan tsirkiya.
Bakansa na rataye a ƙusa, a ɗakinmu na Aboabo,
tsakanin kalanda da agogon da ya tsaya,
gizo-gizo ya saƙa masa tsirkiya ta biyu.

Ni makanike ne a Magazin ta Suwame.
Gadona na daji bai wuce
bambance sawun gada da na akuya ba.
Wata Laraba da aiki ya ƙi zuwa
na zaro ganye ɗaya daga sifirin tsohuwar tirotiro,
na gasa shi, na goge, na rage masa ƙiba.
Ilu kafinta ya sassaƙa mini gindi irin na bindiga,
wayar birki ta zama tsirkiya,
kunama kuwa daga makullin ƙofar direba.
Yaran shago suka ce Oga ya zare.

Da na kai masa, ya jujjuya shi kamar mai tayin kaza.
"Wannan baka ne, ko bindiga ce ta rasa murya?"
Na ce, sau ɗaya ake ɗana shi, sai ya riƙe kansa,
kai dai ka duba, ka taɓa.
Ya ce, "Bakan da ba ya gajiya,
ina rabon dabba a cikinsa?
A da, in hannu ya soma rawa,
rawar nan ce ƙofar da Allah ya bar mata."
Ya tura shi ƙarƙashin gado.

Watannin hani suka wuce,
na karɓo takardar izini, ban ce masa uffan ba.
Shi ne da asuba ya taɓa mini ƙafa,
yana ɗaure tsohon wandonsa na farauta.

Gonar Agya Boakye, can kan hanyar Ofinso,
inda mazo ya addabi ganyen gwaza.
Na taka ƙarfen, na ja da hannu biyu
har ƙuguna ya yi ƙara,
kunama ta ce ƙas. Na miƙa masa.
Ya jiƙa yatsa, ya ɗaga sama,
ya sauya mana wurin zama.
Ƙwarƙwasa suka yi hanya ta kan takalmina,
idonsa ya hana ni motsi.

Raɓa na ɗiga daga ganyen koko
sa'ad da mazon ya fito,
ja, da farin zane a haƙarƙari
kamar yaro ya shafa masa alli da yatsa.
Ya ci, ya ɗaga kai, ya ci.
Na ƙirga bugun zuciyata har arba'in.
Hannun Baba bai yi rawa ba,
babu abin da zai sa shi.

Sai ƙara kaɗan, kamar an taka busasshen kara.
Taku bakwai, ya durƙusa.
Tsoho ya riga ni isa,
wuƙa a hannu, bisimilla a baki,
da gudun da ban san ya rage masa ba.

Wajen rabo, cinya ta mai gona ce.
Karfata kuwa ya ajiye ta gabana.
"Ta wanda ya ja ce. Haka muka tarar."
Na ce, ai kai ka harba.
Ya ce, "Ni dubawa na yi.
Kai ka ja, matacciyar mota ta riƙe."

A hanyar komowa, nama cikin buhu tsakanin ƙafafunmu,
bai tanka ba har muka shigo Kejetiya.
Can, cikin hayaniyar 'yan kamasho,
ba tare da ya dube ni ba, ya ce,
"Kunamar nan ta yi tauri,
tana jan hannu dama.
Ka rage mata kafin Asabar."