Tsakiyar Kaka

Ni mai faci ne a bakin titin Bolari,
na san yadda iska ke zurarewa.
In ka kawo mini tayar da ta sace
sai in nutsa ta a baho, in jira kumfa.
Kumfa ba ta ƙarya.
Amma ƙungiyata wata uku ke nan tana sacewa,
na nutsa ta a zuci, na juya, na sake juyawa,
ban ga inda kumfar ke fita ba.

Farkon kaka mun ci wasa biyar a jere.
Har na ɗinka riga ruwan ɗorawa,
har na yi wa Ardo mai shayi alkawarin rago
in muka haura rukunin sama.
Yanzu in na gifta ta gaban teburinsa
sai ya yi kukan rago a hankali,
yana zuba madara, bai ko ɗago kai ba.

Wasa tara: kunnen doki huɗu, kashi biyar.
Manu, wanda a da ƙafarsa ta hagu ke magana,
ranar Asabar ya rage daga shi sai raga,
gola ya faɗi tun kafin a buga,
sai ya ɗaga ta sama, ta tsallake katanga,
ta sauka a gonar waken wani tsoho.
Yaran da suka bi ta sun fi 'yan gabanmu gudu.

Yila, mai tsaron gidanmu, ɗan Kaltungo,
ya tare bakwai.
Ta takwas ta bi ta tsakanin ƙafafunsa,
nan take aka manta da bakwai ɗin.
Na ji wani a bayana yana zaginsa,
mutumin da ko mangwaro ka jefa masa
sai ya sha ƙasa.

Kowa ya zama koci.
Mai rake ya ce a sauya tsari,
ɗan acaɓa ya ce an sayi alƙali,
wani ya rantse an binne laya a gindin turken raga.
Ni dai takalmin Manu na gani.
Ya kawo shi nan Talata da almuru,
baki buɗe kamar kifin Dadin Kowa,
ya ce in ɗan shafa masa gam.
Wata huɗu ba albashi, in ji shi, yana kallon ƙasa.
Na liƙe, na danne da dutse, ban karɓi sisi ba,
ban kuma kai zancen majalisa ba.
Wataƙila kumfar ke nan.

Dija ta ce, “Ƙwallon nan gadonka ce?
Tuwo ya huce, kai ba ka huce ba.”
Na ce mata daga yau na daina.
Sau uku na daina a watan nan.

Ɗana Hammadu, shekararsa takwas,
ya ce me ya hana mu bin ƙungiyoyin Turai
a gidan kallo, kamar kowa, inda ake ci?
Na daɗe ina goge hannu da tsumma.
Na ce, waɗancan ba su san sunanka ba.
Yila kuwa ya taɓa saɓa ka a wuya
ranar da muka ci 'yan Kumo biyu da nema.

Saura wasa goma sha ɗaya.
Daren jiya na zauna da biro da bayan kwalin sukari:
in mun ci bakwai,
in na samanmu sun yi tuntuɓe,
in ruwan Agusta bai kwanta a fili ba,
in gam ɗina ya riƙe.
Sharaɗin ya yi yawa, kwalin bai isa ba.

Asabar dai za ta zo.
Zan kashe injin iska da ƙarfe uku,
in sa rigar da ta fara koɗewa,
in zauna a bencin da ƙusarsa ke kama wando.
Ardo zai yi kukan ragonsa, ya yi ta yi.
Bai san shekaranjiya na biya ta tike ba,
na shafa bayan wani fari mai baƙin wuya,
na tambayi kuɗinsa.