Jajibirin Buɗe Lakwal

Ranar Laraba aka ba ni mabuɗi,
mabuɗi ɗaya da takardar sunaye.
Aji na ƙarshe, can gindin dutse,
a Garin Malam, bayan wata kuka.
Na tura ƙofa, ta yi ƙara,
ƙadangare ya dube ni, ya gyaɗa kai
kamar mai cewa, wannan ma sabo ne.

Bango huɗu, ko zane babu.
Damina ta bar sawunta a kusurwa,
zanzaro ya yi gini a saman allo,
tebur goma sha tara, uku guragu.
Yara saba'in da ɗaya, in ji takarda.
Albashi kuwa, in ji darakta,
sai an ga wata, ko na bayansa.

Da babu gara ba daɗi.
Na gangara Kasuwar Dole da buhu.
Ilu mai shago ya ba ni kwalaye,
na sabulu, na shayi, na taliya.
Tela Maman Nuri ya share ƙasan keke,
ya cika mini leda da ƙyallaye.
Wajen dukawa na tsinci guntayen fata,
ja da kore, masu warin bagaruwa.
Marafan kwalba ɗari da ashirin
ni da ƙanena Sabi'u muka tsince,
muna ƙirga su kamar masu kuɗi.

Fenti ya fi ƙarfin aljihuna.
Na jiƙa zoɓo, ya ba ni ja,
gangamau ya ba ni rawaya,
bular wanki ta ba ni sama,
gawayi da ƙaro suka maido da allo.

Dare uku ina yankan haruffa a tsakar gida.
Inna, da ba ta taɓa zama aji ba,
ta ɗaga O, ta ce, ai gammo ne,
ta ɗaga S, ta yar, ta ce maciji.
Sai ta jawo kaba ta ɗinka faifai,
na liƙa masa lambobi, na sa tsinke biyu.
Ta ce, agogon da ba ya tafiya fa?
Na ce, Inna, yara za su tura shi.

Da kunun rogo na manna kome.
Na bar taga a buɗe don ya sha iska.
Asabar da safe na tarar da baƙuwa:
akuyar Baba Kanta mai gadi
ta cinye A, ta cinye B,
ta tauna taswira daga Agadas har Bilma,
tana kallona, gemu duk kunu.

Na zauna bisa gurgun tebur.
Idona ya cika, ban ɓoye ba.

Tsoho ya ce, Mushe, yi haƙuri,
ɗalibarka ta fari ta sha karatu.
Ya tafi, ya dawo da sakaina da wuƙa,
ya ce, nuna mini kamarsu.
Shi da bai san sunansu ba
ya sassaƙa A, ya sassaƙa B,
muka rataye su a karan gero,
sama, inda baki ba ya kai.
Hamada kuwa na cike ta da yashi na gaske.

Lahadi da la'asar na sayi garwa ɗaya,
na yayyafa wa ƙasa, ƙamshi ya tashi.
Marafai na jere a waya, goma goma,
tsuntsayen atamfa na lilo a zare.
Wata yarinya, tallan gyaɗa a kai,
ta leƙo ta taga, ta daɗe shiru.
Ta ce, suna za a yi a nan?
Na ce, gobe, da sassafe. Wa ke nan?
Ta ce Tsahara. Na duba takarda.
Lamba sittin da huɗu.

Da ta tafi na ɗauki alli
da yatsun da zoɓo ya rina,
na rubuta Litinin a saman allo.
Ta karkace. Na goge.
Na sake rubutawa.