Albasar Babana

A Pune nake aiki, ina ɗaure raunuka a asibiti.
Ranar da kilon albasa ya kai rupi tamanin
ni ma na zagi gwamnati a gaban mai kayan miya.
Cikin biyar da na zaɓa, na mayar da uku.
Na manta sarai
'yar wane ce ni.

Da dare rediyo ya ce an rufe ƙofa,
ba albasar da za ta ƙetare teku
sai hankalin birni ya kwanta.
Matan benenmu suka tafa.
Kausalya ta soya albasa da garin wake
ta bi ɗaki-ɗaki tana rabo.
Na ci biyu. Da daɗi kuwa.

Can Lasalgaon, babana Shankarrao
yana kwana na biyu a layin taraktoci,
buhu ne matashinsa.
Wata biyar ya adana ta a rumfar gora,
yana juyawa, yana tsince ruɓaɓɓu
kamar mai cire ƙaya daga ƙafar ɗansa,
yana jiran irin farashin nan
da ke leƙowa sau ɗaya a shekara huɗu.
Bara waccan da kilo ya faɗo rupi biyu
ya zuba wa awaki, awakin ma suka kau da kai,
ba wanda ya kira taron gaggawa dominsa.

Ran Litinin dillalai na rige-rigen ɗaga yatsa.
Ran Talata hannuwa suka koma aljihu,
kowa na duban sama kamar mai neman hadari.
Mai gwanjo ya kira, ya sake kira,
muryarsa ce kawai ta amsa masa.

Da ya bugo waya bai yi faɗa ba.
Ya ce, "Manjiri, kin ci abinci?"
Sai can ya ce,
"Farashi ɗan aike ne, 'yata, ba shi ya kar zomon ba.
In ya hau, cewa yake ku ƙara shuka.
In ya sauka, cewa yake ku sake shawara.
Ni na iya jin yarensa tun ina goma sha biyu.
Amma sun toshe masa baki a hawa,
a gangara kuma sun bar shi da ni.
Ƙanƙara ta taɓa cinye min gona, na haƙura,
ita ba ta da ofis, ba ta neman ƙuri'a.
Baɗi waken suya zan shuka."

Na zauna a matakala da biro,
ina lissafi a bayan takardar magani.
In shi ya bari, maƙwabcinsa Pandhari ya bari,
ƙauye ya bari,
wa za mu zaga baɗi a gaban mai kayan miya?
An ba zazzaɓi ruwan sanyi,
ciwon na nan kwance. Wannan ai aikina ne, na sani.

Sai dai Kausalya ma ba ƙarya take ba.
Yara uku, miji na tuƙa keken haya,
kowane rupi sai ta juya shi gaba da baya.
Albasa ba ta zaɓen idon da za ta sa hawaye.

Na tura wa baba kuɗi, ya dawo da su.
Ran Asabar yaron mota ya sauke min buhu,
an rubuta sunana da baƙin fenti, harafi ɗaya a karkace.
Jajaye, busassu, masu sheƙi,
mafi kyawun abin da ya noma.

Na cika kwano na ƙwanƙwasa ƙofar Kausalya.
Ta goge hannu a gefen sari,
ta ce, "Nawa?"

Na tsaya riƙe da kwanon.