Gonar da Ba Ƙasa

Shekara hamsin da ɗaya na yi a tsaunin Taebaek
ina tsince duwatsu kafin in iske ƙasa.
Mijina Man-sik yakan ce
gajimare mu yake fara gaisarwa
kafin ya gangara wurin mutanen kwari.

Sai zafi ya koyi hawan dutse.
Kabeji ya riƙa ruɓewa tun daga zuciya,
ka taɓa shi ya narke maka a tafi,
warinsa ya kori har hankaka.
Damina uku a jere.
A ta huɗu Man-sik ya kwanta, bai jira girbi ba.

'Yata Gyeong-ran ta sauko da ni,
ta buɗe wata doguwar rumfar leda,
ta ce, Umma, ga gona.
Na duba ƙasa, siminti.
Na duba sama, fanka ke ta kaɗa kai.
Fararen alluna na yawo bisa ruwa,
kowane rami da ɗan tsiro zaune cikin soso,
saiwarsa ta zubo fara fat
kamar gemun tsohon da bai taɓa noma ba.
Can a ƙurya, tanki,
tarwaɗa ɗari uku masu cin abinci daga buhu.

Ta ce kifi ya ci ya yi kashi,
ƙwayoyin da ido ba ya gani su mai da shi taki,
kabeji ya sha, ya tace ruwan,
ruwan ya koma wa mai shi.
Na ce, to, ni ina aikina?
Ta ce, hutawa.
Na rataye fartanyata a ƙusa,
muka shiga yin tsatsa tare.

Wata huɗu ban yi wa ganyen nan magana ba.
Ko da bakinsa ya ƙone don ƙarancin iska,
na gani, na yi gum,
ta yi ta neman dalili cikin waya.

Daren da dusar ƙanƙara ta karya turken lantarki,
Gyeong-ran na Wonju, hanya ta toshe.
Abin da ya tashe ni shiru ne.
Famfo ya daina numfashi.
Janareta ya yi tari biyu ya ƙi.
Na haska tocila cikin tanki:
bakuna, bakuna, duk sun taso sama
suna buɗewa kamar na jarirai.

Kwanon wankin shinkafata na ɗauko.
In ɗiba, in ɗaga, in zuba daga sama,
in ɗiba, in ɗaga, in zuba,
ruwa ya sha iska ya kai musu.
In kafaɗa ta ƙi, in sake hannu.
Na yi wa kifi waƙar da nake wa saniyarmu,
na zagi kabeji, na ba shi haƙuri,
na kira Man-sik sau biyu, na tuna.
Wuta ta dawo da asuba.
Bakwai sun juya ciki sama. Na ƙirga su da kaina.

Ranar girbi ba wanda ya durƙusa.
Na tsaga ɗaya da wuƙa,
cikinsa rawaya, a naɗe tsaf,
ba tsutsa, ba yashi,
har na rasa abin da zan wanke.
Gishiri ya kwana a kansa.
Da safe muka shafa barkono da tafarnuwa da citta,
ganye bayan ganye, muka danna a tulu.

Bayan mako uku Mal-sun maƙwabciya ta ɗanɗana kimcin,
ta tauna, ta taɓe baki.
Ta ce, da daɗi, amma ɗan gata ne,
na dutse ya fi shi ƙashi,
wannan bai san wahala ba.

Na miƙa mata wani yankin.
Na ce, sake taunawa, Mal-sun.
Ya sani.
Tare muka kwana.