Ruwa Biyu

Da asuba muka ja koma a kududdufin bayan gonar Gotts,
gab da garin Holt. Ruwa ya kai ni ƙugu,
sanyinsa na cizo ta cikin wandon roba.
Kifi goma sha bakwai a bokiti,
babu ja ko ɗaya.
Duk launin tsohuwar tasar tagulla da aka manta ba a goge ba.

Thirza Gotts ta leƙa, hannu a aljihu.
"Wanne ne namu," in ji ta, "wanne ne na kwalba?"
Na ce ido ba ya raba wannan gardama.
Jan kifin da yara ke kiwo a falo,
in an gaji da shi an juye a tafki,
jikokinsa kan tuɓe jar rigar
su koma launin laka, irin na kakansu a kogunan Sin,
kafin wani ya tsamo ja ɗaya cikin dubu
ya ce wannan ba na miya ba ne, na kallo ne.
Shekara dubu ke nan, ko kusa.
Zalɓe kuwa ba ruwansa da ado,
mai ja yake fara gani.

Na ɗan yanki gefen wutsiyar kowanne,
bai kai yankan farce ba,
na sa lamba, na mayar da su ruwa.

A ɗakin bincike a Norwich na'ura ta yi sati tana karatu.
Kakata Tabawa a Yawuri ba ta buƙatar sati.
Kunnenka za ta kama ta ce, wannan na gidan Sarkin Ruwa ne,
ta jero maka kakanni tara kafin tuwo ya huce.
Na'urar ma haka take, sai dai ita ba ta san kara ba.

Ta ce shida 'yan gida ne,
huɗu jikokin kwalba,
bakwai ruwa biyu.

Ta ce can baya, shekaru miliyoyi,
zuriya biyu suka gamu a ƙwai guda,
littafin gado ya ninku, kowane shafi ya yi ɗan'uwa.
Ɗaya na riƙe da gida, ɗayan ya sami sararin koyon sabuwar sana'a.
Shi ya sa in ƙanƙara ta rufe ruwa, iska ta ƙare,
wannan kifi kan lafe a laka wata da watanni,
jikinsa na tsatso barasa, rai na nan.
Na tuna gaiwa a busasshen fadama tana jiran damina.

Su shidan ne suka hana ni barci.
Jininsu ya yi kama da juna har ya ba ni tsoro,
cuta ɗaya ta ishe su duka.
Sawunsu kuma ya nufi ƙetaren teku.
Ta yiwu a ganga aka shigo da kakanninsu,
shekara ɗari biyar da suka wuce.

Thirza ta karanta takardar a tsaye, ta cire tabarau.
"Ashe namu ma baƙi ne."
Na ce baƙon da ya yi shekara ɗari biyar
ai ya san inda ake ajiye tsintsiya.
Ta yi dariya, ta ce kai fa, nawa ka yi?
Na ce sha ɗaya.
Ta miƙo mini shayi, ta ce za ta yashe ɗaya kududdufin kafin bazara,
a kai shidan can, a nemo musu dangi daga wata gona.

A gida na tarar da Zuwaira ta manna goshi a gilashi.
Kifinta Manja, ja kamar sunansa, yana zagaye.
Da Turanci ta tambaye ni ko za mu sake shi ya je wurin 'yan'uwansa.
Da Hausa na ce a'a.
Ta ce me ya sa.
Na buɗe baki, labarin ya yi tsawo,
takalmana na ɗigar laka a kan dardumar uwarta.
Na ce ɗauko abincinsa tukuna,
ƙwaya uku kawai, kar ki cika.