Zaɓi Na Shida

Rumasa'u ta shigo da takarda a jiƙe,
ruwan Coventry ba ya jin bari.
Ta ce, Baba, yaƙin Hitila za mu yi, mako uku,
Malam Pritchard ya ce kowa ya zaɓi hanyarsa.

Na ajiye kofin shayi, na karanta.
Ko ka zana allon kiran samari soja,
ko ka gina ramin ɓuya da kwali,
ko ka dafa abincin zamanin rabo da kati,
ko ka zama yaron da aka saka a jirgin ƙasa
da sunansa rataye a wuya, ka rubuto wa uwarka wasiƙa.
Na biyar taswira. Na shida,
can ƙasa inda ruwa ya lashe tawada:
ka tambayi wani tsoho a danginku.

Tomasz ya ɗauki kwali, in ji ta,
Maisie za ta soya garin ƙwai kowa ya ɗanɗana.
Mu ba mu da kowa a yaƙin nan, ko, Baba?

Sai da na haɗiye yawu.
Shekara goma sha ɗaya ina tuƙa bas
kusa da majami'ar da wuta ta cinye wa rufi,
ina ce wa baƙi, ga ta can,
ban taɓa ce wa 'yata, ga Kofur Tanko ba.

Ran Asabar muka kira Gumel.
Gwaggo Delu, autarsa, ta doshi tamanin,
ta mayar da wayar kunnen da ke ji.
Rumasa'u ta jero tambayoyi, Hausarta na tuntuɓe.
Ina ya je?
Bama.
Me ya gani?

Zakara ya yi cara a tsakar gida.
Wani ya ja guga.
Na zaci layin ne ya yanke.

'Yar nan, bai taɓa faɗa ba.
Abin da na sani, in damina ta sauka
ba ya kwana a ɗaki mai rufin kwano.
Kafin alwala sai ya duba ƙafafunsa yatsa-yatsa,
wai matsattsaku,
a garin da ruwa ke gaba ashirin a ƙasa.
Da cokali ɗaya ya dawo, da tari.
Tarin ya tafi da shi. Cokalin na nan,
da shi nake auna kanwa.

Daren nan Rumasa'u ta ƙi tuwo.
Layi shida kacal, Baba,
ramin Tomasz har ƙofa gare shi.
Na ce, kai musu abin da aka ba ki,
kar ki ƙara masa gishiri.

Ta kunna muryar a aji, ba ta yanke shirun ba.
Yara talatin, daƙiƙa arba'in,
suna sauraron zakaran Gumel.
Malam ya juya ga taswirar bango,
ashe daga Masar ta ƙare.
Sai da ya aika ajin ƙasa aka aro babba.
Yana neman Bama da yatsa
Harjit ya ɗaga hannu:
kakan babana ma can ya je.
Shi ma bai faɗa ba.

Takardar maki ba ta da gurbin shiru.
A gefe Malam ya rubuta da koren biro:
ko Gwaggo za ta turo mana hoton cokalin?

Ya iso ran Laraba.
Baƙi ne, mariƙinsa a lanƙwashe, kanwa a bakinsa.
Yana bango yanzu,
tsakanin katin rabo da wasiƙar yaron jirgi.

Yau ma ruwa na dukan rufin bas.
Na wuce majami'ar, ban nuna wa kowa ba.
A gareji na cire safa zan yi alwala,
sai na tsinci kaina
ina duba tsakanin yatsuna.